Yadda ake zaɓar kayan haɗin tantin kan mota

Tantin kan mota shi ne wanda ake ɗaurewa a kan kariyar rufin mota, wato ƙarafan ɗora kaya, a yi tafiya da shi a naɗe, in an isa masauki a buɗe shi, a jingina tsani a hau a kwana a sama. Wanda ya saye shi sabo yakan ɗauka ya gama kashe kuɗi, sai ya tarar ana tallata masa kayan haɗi ba iyaka: rumfa, ɗakin ƙasa, fitilu, fanka, firji, batir, jakunkuna iri-iri. Akwai waɗanda in babu su barci ma ba zai yiwu ba, akwai kuma waɗanda nauyi kawai za su ƙara wa mota. Na daɗe ina kwana a irin wannan tanti, da zafi da sanyi da ruwan sama, kuma abin da nake fara gaya wa duk sabon shiga shi ne ƙarfin rufin motarsa ne zai yanke masa abin da zai saya. Daga nan sai matsalolin dare: karkatar mota, tsani, danshi, duhu. Kayan jin daɗi su ne na ƙarshe.

Abin da za ka tanada kafin ka sayi komai

- Littafin motarka, wanda kamfanin da ya ƙera ta ya bayar.
- Takardun tantin da na kariyar, inda aka rubuta nauyinsu da ƙarfinsu.
- Tef na awo mai tsawon mita 3 ko fiye.
- Sikeli, ko da na auna nauyin mutum ne. Ka hau kai kaɗai, ka sake hawa riƙe da kayan, bambancin shi ne nauyinsu.
- Sifana lamba 13 da lamba 10. Yawancin notunan tanti ɗaya daga cikin biyun nan ne ke kama su.
- Ƙaramin ma'aunin magina mai ruwa a ciki, na duba daidaito.
- Takarda da biro.

1. Ka fitar da lissafin nauyi

Rufin mota yana da ƙarfi iri biyu. Akwai nauyin da zai ɗauka mota na tafiya, akwai wanda zai ɗauka tana tsaye. Na tafiya shi ne ƙarami, domin a hanya kowane birki, kowace kwana da kowane rami suna ninka ƙarfin da kaya ke danna rufi da shi. A motoci da yawa wannan adadin yana tsakanin kilo 50 da 100, kuma kilo 75 ya yawaita ƙwarai. Na tsaye ya fi shi nesa ba kusa ba, shi ya sa rufin da aka rubuta masa kilo 75 yake iya ɗaukar tanti da manya biyu suna barci. Mutane da yawa suna rikita waɗannan lambobi biyu, su ga ai rufin ya ɗauki mutum biyu jiya da dare, sai su loda masa jarkoki da akwatuna su kama hanya. Wannan kuskure ne mai haɗari.

Ka buɗe littafin motar ka rubuta adadin na tafiya. Ka duba na kariyar ita ma. Wanda ya fi ƙanƙanta a cikinsu shi ne iyakarka. Kariyar da ke ɗaukar kilo 150 ba ta ƙara wa rufi mai kilo 75 ko kilo ɗaya.

Sai ka fara ɗebewa. A ce iyakar kilo 75 ce, sandunan kariya biyu da ƙafafunsu kilo 7, tantin kilo 58. Saura 10. In ka bar bargo da matasan kai biyu a ciki, wani kilo 4 ko 5 ya tafi. Abin da ya rage bai isa rumfar gefe ba, domin ko ƙarama takan kai kilo 10, manya masu zagaye bayan mota kuwa sukan haura 20. Ka ga tun ba ka shiga shago ba lissafi ya riga ya soke maka abu ɗaya, ya nuna maka kana buƙatar inuwar da za ta zauna cikin mota.

In hanyarka ta burji ce mai gargada, ko ta duwatsu, ka rage daga wannan iyaka. Wasu masu ƙera kariya suna rubuta adadi na dabam, mafi ƙanƙanta, don irin wannan hanya.

In littafin motar ya ɓace, ka nemi kwafinsa a intanet da sunan motar da shekararta, ko ka tambayi dilan kamfanin. Kada ka yi aiki da ƙiyasin aboki mai irin motarka. Sannan akwai iyakar nauyin da motar gaba ɗaya ke ɗauka, mutane da kaya da mai da ruwa, wanda galibi ake manna takardarsa a jikin ƙofar direba. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, jarka biyu masu lita 20 kilo 40 ke nan tun ba a sa nauyin jarkokin ba.

2. Kariya da notuna

Kafin kowane kayan ƙawa, ka tabbatar abin da ke riƙe da tantin nagari ne. Siraran sandunan da wasu motoci ke fitowa da su daga kamfani, sau da yawa don ɗaukar kaya marasa nauyi aka yi su. Ka nemi sanduna na ƙarfe ko na alminiyam masu kauri da aka rubuta ƙarfinsu a jiki, ka ware su gwargwadon tazarar da takardar tantin ta ce. In sun matsu da juna, gaban tantin da bayansa za su riƙa lilo a hanya.

Ka sa notuna masu zoben roba a ciki, waɗanda girgiza ba ta kwance su da sauƙi, ka kuma ajiye guda huɗu ko shida na ko-ta-kwana. Bayan ɗaurin farko, ka yi tafiya 'yar kaɗan ka tsaya ka sake bin su da sifana, za ka ji wasu sun saki. Daga nan kowace safiya kafin ka tashi ka kama gefen tantin ka jijjiga shi. Motar ce ya kamata ta motsa gaba ɗaya. In tantin ya motsa shi kaɗai, akwai abin da ya kwance. Sai dai kada ka ɗaure har farantin ƙarfen da ke maƙale tantin da kariya ya lanƙwashe, ɗaurin da ya wuce kima yana lalata layin da notin ke ciki.

Sifana mai ƙaras-ƙaras, wadda ba sai ka cire ta daga kan noti ba, ta cancanci kuɗinta, domin tsakanin rufi da ƙasan tanti hannu da ƙyar yake shiga. In motar na kwana a waje, notunan hana sata masu mabuɗi na musamman abu ne mai arha da amfani.

Da zarar ka gama ɗorawa, ka auna tsayin motar daga ƙasa zuwa ƙololuwar tantin, ka rubuta a 'yar takarda ka manna inda idonka ke gani in kana tuƙi. Wuraren ajiye mota na cikin gini da yawa iyakarsu kusan mita 2 ce, kuma direba yakan manta motarsa ta ƙara tsawo.

3. Abin daidaita mota

Mai tantin ƙasa yana iya jan tantinsa taku biyu ya sami wuri mai kyau. Kai kuwa gadonka yana bin karkatar mota, kuma karkatar da ido ba ya gani da rana, jiki zai ji ta da dare. Za ka riƙa zamewa gefe ɗaya, ko jini ya taru maka a ka.

Ana sayar da tubalan roba masu hawa-hawa da ake sa wa a ƙarƙashin taya. Biyu sun isa. In ba ka da su, guntayen katako masu faɗin taya da kaurin santimita 5 suna yin aikin, guda uku ko huɗu. Ka ɗora ma'aunin a kan wuri shimfiɗaɗɗe a jikin motar, ko a ƙasan tantin, ka duba gaba da baya, ka juya shi ka duba hagu da dama. In babu ma'auni, ka zuba ruwa rabin gorar roba ka kwantar da ita, ruwan zai taru ɓangaren da ya fi ƙasa. Wayoyin hannu da yawa ma suna da irin wannan ma'auni.

Ka ajiye tubalin a gaban tayar da ke ƙasa, ka hau a hankali da giya ta ɗaya, wani na tsaye a gefe yana ba ka hannu. Da ka hau, ka ja birkin hannu, ka bar ta a giya, ka sa waigi a tayar da ke kan ƙasa. A wuri mai yashi, haƙa kaɗan a ƙarƙashin tayar da ta fi tudu ya fi sauƙi, da safe ka mayar da ƙasar. Kada ka taɓa ɗaga mota da jak ka hau ka kwana. In daidaiton ya ƙi cika, ka bar ɓangaren kai ya fi tudu kaɗan.

4. Tsani

Tsani yana zuwa da tantin, amma ba lalle ya dace da motarka ba. Yawancinsu masu zugewa ne, tsawonsu kusan mita 2.3, akwai kuma masu mita 2.6 don dogayen motoci. Ka auna daga bakin ƙofar tantin zuwa ƙasa, ka tuna tsani a jingine yake tsayawa, dole ya fi wannan awon tsawo. Ƙa'idar da aka saba da ita a aikin tsani ita ce a janye gindinsa kashi ɗaya cikin huɗu na tsayinsa: in bakin tantin mita 2 ne daga ƙasa, gindin tsanin ya fita santimita 50. In takardar tantinka ta faɗi wani abu dabam, ita za ka bi.

A tantin da ake buɗewa gida biyu, rabinsa yana fita waje da jikin motar, kuma tsanin shi ne ƙafar wannan rabin. In ya yi gajere, rabin zai rusuna ya rataya a kan mahaɗin da ke tsakiya. In ya yi tsawo, zai tura shi sama, ɓangarorin biyu su ƙi haɗuwa. Ka sunkuya ka leƙa ƙasan tantin, ka ga bakin nan biyu sun shige juna sun yi layi ɗaya, sannan ka hau. Wajen rage tsawon tsani mai zugewa, matakalan sama ake haɗewa, na ƙasa kuwa kowanne ya kulle, ka ji ƙarar kullewarsa.

Abubuwa biyu na ƙara wa tsani. Na farko faifan katako ko na roba a ƙarƙashin gindinsa, don kada ya nutse cikin taɓo ko yashi da tsakar dare. Na biyu rigar matakala, ko ka naɗe su da tef mai kaushi, domin alminiyam mai raɓa yana da santsi, kuma yana cin tafin ƙafa in ba takalmi. Sauka kullum fuska na kallon tsani, hannu biyu a riƙe. In da yara ko tsofaffi a tafiyar, akwai rigar da ke mayar da matakalan su zama masu faɗi, tana da igiyar riƙewa a gefe. Ni a ganina wannan ya fi kowace fitilar ado muhimmanci.

5. Shimfiɗa da danshi

A nan sabon shiga ya fi shan mamaki. Ya kwana ba a yi ruwa ba, da safe ya ɗaga katifa ya sa tafin hannu a ƙasan tantin, ya ji shi sharkaf, ƙananan ɗigon ruwa sun jeru a kan farantin, ƙasan katifar kuma ya yi duhu da laima daidai inda ƙugunsa da kafaɗunsa suka kwanta. Sai ya ce tantin na yoyo. Ba yoyo ba ne. Mutum ɗaya yana fitar da ruwan da ya kai kofi guda a dare ta numfashi da gumi. Ƙasan tantin kuwa iska mai sanyi na wucewa ta ƙarƙashinsa, sai ɗumin jiki ya ratsa soson katifa ya tarar da faranti mai sanyi, tururin ya koma ruwa. In aka rufe tantin a haka aka bar shi, cikin 'yan kwanaki fumfuna za ta kama katifa da yadin, kuma warinta ba ya fita da sauƙi.

Maganinsa tabarmar hana danshi. Wata raga ce mai tauri, kaurinta kusan santimita 1, ana shimfiɗa ta tsakanin faranti da katifa don iska ta riƙa ratsawa. Cikin duk kayan haɗi ita nake sawa a gaba. Ka auna cikin tantin ka sayi wadda ta cika shi, in ta yi yawa almakashi na yanka ta. In ba ka same ta ba, tabarmar roba mai huji-huji irin ta banɗaki tana rage matsalar. Leda ko tamfol kuwa ƙara ta suke yi, domin suna tare ruwan a wuri ɗaya.

Tabarmar ita kaɗai ba ta isa ba. Ka bar taga biyu masu fuskantar juna a buɗe kaɗan, ko da ana sanyi, ragar sauro a rufe. Da safe ka jingine katifar a tsaye na ɗan lokaci kana karyawa, ka goge bango da faranti da ƙaramin tawul mai shan ruwa. Ka ware wa wannan aiki tawul nasa.

Katifar da ke zuwa da tanti galibi soso ce mai kaurin santimita 5 zuwa 7. Mai kwana a rigingine takan ishe shi. Mai kwana a gefe kuwa ƙugunsa zai taɓa faranti. Kafin ka sayi ƙari, ka gwada abu ɗaya: ka sa bargo biyu a ninke a kan katifar ka rufe tantin. In ya rufu ba tare da ka danne shi da gwiwa ba, kana da wurin ƙarin soso siriri. In bai rufu ba, ka cire katifar asali ka sa mai hura kanta da iska, wadda ake sace iskarta da safe ta zama siririya. Tilasta wa tanti rufuwa yana kashe zif, yana lanƙwasa makullai, kuma ruwa zai sami hanya a kan titi.

Zanen gado mai roba a gefe yana hana shimfiɗa tattarewa. In jakar barci za ka saya, ka duba lambobin sanyin da ke jikinta. Waɗanda aka gwada bisa ma'aunin ISO 23537 suna nuna lambobi uku, kuma ta farko, ta jin daɗi, ita za ka yi aiki da ita. Ta ƙarshe tana nufin sanyin da mutum zai iya tsira da ransa ne kawai, barci babu.

6. Haske da wuta

Tocilar goshi ita ce ta farko, kowa da tasa, domin tsani na buƙatar hannu biyu. Ka zaɓi mai jan haske, ba ya kashe ido kuma ba ya tashin na kusa. A cikin tanti ƙaramar fitila mai caji da ake ratayawa ta wadatar. A waje, haske mai ruwan ɗorawa bai kai fari fat jawo ƙwari ba, kuma ka ajiye shi nesa kaɗan da ƙofar tanti. In ka ga an rubuta IPX4 a jikin fitila, tana jure fantsamar ruwa.

Batun batir kuwa da lissafi ake yin sa. Ƙarfin batir ana rubuta shi da Wh, wato wat sau awa. Fanka mai wat 4 in ta yi awa 8 ta ci 32. Fitila mai wat 3 a awa 4 ta ci 12. Cika waya ɗaya kusan 15 zuwa 20 ne. Mutum biyu a dare ɗaya ba za su kai 100 ba, don haka ƙaramin batir mai 250 ko 300 zai yi musu dare biyu da saura. Firjin mota ne ke sauya lissafin gaba ɗaya, domin yakan ci 300 zuwa 600 a yini gwargwadon zafin gari da yawan buɗe shi. Mai firji yana buƙatar babban batir da hanyar cika shi, ko daga mota in tana tafiya, ko daga sola. Farantin sola mai wat 100 a rana mai haske yakan ba da 300 zuwa 500. Mai naɗewa da ake ajiyewa a ƙasa ya fi wanda ake kafewa a rufi, ba ya cin nauyin sama, kuma kana iya barin mota a inuwa ka ja shi zuwa rana.

In tafiyarka dare ɗaya ko biyu ce, kula mai kauri da ƙanƙara ta ishe ka, ka bar firji tukuna. Kada ka riƙa jan wuta daga batirin tayar da mota tana kashe, in ya mutu a inda babu kowa ka shiga uku. Batirin litiyam kuma ba a yi masa caji in sanyi ya kai na daskarar ruwa, ba a kuma barinsa cikin rufaffiyar mota a tsakiyar rana.

7. Zafi da sanyi, da abin da ba a shiga da shi tanti

Don zafi, fanka mai caji da ake maƙalawa a sandar tanti ta fi komai. Ka kafa ta a bakin taga tana jawo iskar waje. Don sanyi, ana sayar da rigar ciki mai auduga da ake ratayawa a bangon tanti, amma kafin ita ka gwada bargo mai kyau, hular sanyi, safa busasshiya, da gorar ruwan zafi a wajen ƙafa.

Gawayi, risho, murhun gas, kyandir, babu wanda ke hawa tanti. Bayan haɗarin gobara, duk abin da ke ci da wuta a rufaffen wuri yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Alamunta ciwon kai, jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa yana iya wucewa bai farka ba. Haka nan kada a bar injin mota a kunne mutane na sama, hayaƙin salansa yana tashi ya shiga ta taga. Masu amfani da hita mai aiki da man dizal suna ajiye ta a waje, bututu kawai ke kai iska mai ɗumi ciki, bakin hayaƙinta kuma ya kalli inda iska ke tafiya, nesa da tanti. Duk mai irin wannan hita dole ya rataya na'urar ƙararrawar kabon monoksaid a ciki, kusa da inda kai yake. Ka gwada ta kafin kowace tafiya, ka kuma duba ranar ƙarewar aikinta a bayanta, domin tana tsufa.

In hadari ya taso da tsawa da walƙiya, kowa ya sauko ya shiga cikin mota a rufe gilasai. Tantin yadi a saman rufi ba mafaka ba ne.

8. Rumfa da ɗakin ƙasa

Inuwa abu ne mai daɗi, amma ka koma ga lissafinka na matakin farko. In nauyi ya bari, rumfar gefe mai naɗewa tana buɗuwa cikin minti kaɗan. In bai bari ba, tamfol mara nauyi mai mita 3 da sanduna biyu da igiyoyi zai ba ka inuwa ɗaya, ka ɗaure gefe guda a kariya. Kowacce ka zaɓa, ka kafa turaku da igiya tun lokacin buɗewa, ko da iska ba ta motsi. Guguwa ɗaya tana iya ɗaga rumfa ta kifa ta a kan mota ta karya hannuwanta. Ka sauke kusurwa ɗaya ƙasa kaɗan don ruwan sama ya gangare, in ba haka ba zai taru a tsakiya ya yi tumbi. Turakun da ke zuwa cikin kwali yawanci sirara ne. Ka nemi masu kauri don ƙasa mai tauri, da guduma. A yashi kuwa ka cika buhu da yashi ka binne shi da igiyar a ɗaure.

Ɗakin ƙasa, wanda ake zuge shi a ƙarƙashin tanti ya rufe tsani, yana da amfani ga mai iyali, ko mai zama kwana uku a wuri ɗaya, ko mai son wurin sauya kaya a suturce. Ga mai tashi kullum kuwa wahala ce, kafa shi da kwance shi na cin lokaci, in ya jiƙe kuma kaya ne mai nauyi. In za ka saya, ka tabbatar tsayinsa ya dace da na motarka.

9. Ajiya

Jakar takalmi da ake zurawa a layin bakin tanti kusa da tsani ƙaramin abu ne da za ka gode masa kowane dare. Takalmi ba ya hawa da ƙasa kan katifa, ba ya kwana a ƙasa raɓa ta jiƙa shi ko kunama ta shige. In babu, jaka mai igiya da ka rataya a matakalar sama ta isa. A ciki, raga mai aljihu don waya, tabarau da makullin mota. Makullin nan ya sami wuri ɗaya da ba ya sauyawa. Ka ƙara 'yar tsintsiya, da tabarma a gindin tsani don goge ƙafa, da gora mai faɗin baki da murfi mai kyau ga wanda saukowa da tsakar dare ke yi wa wuya.

Sauran kaya, duk mai nauyi ya zauna cikin mota, a ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, a ɗaure. Tanti ya riga ya ɗaga nauyin motar sama, shi ya sa za ka ji tana ƙara rinjaya a kwana kuma iskar gefe na tura ta. Jarkar ruwa ko ta mai a kan rufi ƙara wannan take yi.

10. Jakar gyara da ta gaggawa

Sifanun nan biyu, filaya, sukudireba, notunan ko-ta-kwana, tef mai ƙarfi, facin yadi da na ragar sauro, allura da zare mai kauri, igiya. Zif ne ke fara mutuwa a tanti, ƙura ce kuma ke kashe shi. Ka riƙa goge shi da tsohon buroshin haƙori, ka shafa masa man silikon ko ka goga masa kyandir. Giris da man inji suna tara ƙura, ka guje su. Sai akwatin taimakon farko, tukunyar kashe gobara a inda hannu ke kaiwa, famfon taya, shebur, da waya mai tayar da batir. Mai shiga yashi ko taɓo ya ƙara allunan fitar da mota, waɗanda suna iya zama abin daidaita ta da dare.

11. Gwaji kafin tafiya, da abin yi bayan dawowa

Da ka tanadi kayan mataki na 2 zuwa na 5 da tocila, ka dakata da saye. Ka kwana a tantin dare ɗaya a ƙofar gida ko wani wuri kusa, da takarda a gefenka. Duk abin da hannunka ya nema ya rasa, ka rubuta. Wannan takardar ita ce jerin sayayyarka ta gaba. Bayan tafiye-tafiye kaɗan kuma ka bi kayanka, duk abin da bai taɓa fita daga jakarsa ba ka sauke shi, ban da kayan gaggawa.

In yadin tantin gaurayen auduga ne, ka buɗe shi ka jiƙa shi da ruwa sosai, ka bar shi ya bushe, ka maimaita sau biyu ko uku kafin tafiyar farko. Zaren yana kumbura ya toshe hujin allura. Inda ɗinki ya ci gaba da ɗiga, ka shafa masa gam ɗin toshe ɗinki bayan ya bushe.

Wani lokaci dole ka rufe tanti a jiƙe ka kama hanya. In haka ta faru, ka fitar da bargo da matasai ka sa cikin mota, kuma ka buɗe tantin ya sha iska da zarar ka sami dama, kada ya wuce kwana ɗaya ko biyu a rufe. In za a daɗe ba a fita ba, ka cire katifar ka ajiye ta a ɗaki, ka sauke tantin daga mota don mai da tayoyi su huta. Sauke shi aikin mutum biyu ne zuwa huɗu. Mai gareji yana iya kafa ƙugiya da igiya mai kura a rufin gini ya riƙa ɗaga shi shi kaɗai, muddin katakon da ya kafa a jiki zai ɗauki nauyin. Ka ajiye tantin a kan katako, kada ya taɓa siminti, a wuri busasshe da ɓera ba ya kaiwa.